Likitancin Fata a Gombe da Arewacin Nijeriya

Likitancin fata reshe ne na aikin asibiti da ke kula da fata, gashi da farce. Kafin zuwan asibiti, boka da wanzami ne ke wannan aiki a ƙasar Gombe, da jiƙe-jiƙe, da tsaga, da ƙaho. Hausa na da sunayen cututtukan tun da daɗewa: ƙazuwa, makero, ƙyasbi, kirci, da uwa uba kuturta.

Kuturtar ce ta fara jawo hankalin likitocin zamani kan fatar mutanen Arewa. Mishan na 'Yan'uwa sun buɗe zangon kutare a Garkida a 1929, sannan wajen 1937 ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi ragamar na Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina. Gombe tana cikin Lardin Bauchi a lokacin, lardin da shi ma ya samu nasa zangon a Bayara. Magani bai wuce allurar wani man itace daga Indiya ba, mai zafin tsiya, amfaninsa kuma kaɗan. Sauyi ya zo ne a ƙarshen shekarun 1940, bayan da Dokta John Lowe ya nuna a Uzuakoli cewa ƙwayar dafson tana aiki idan an haɗiye ta. Daga nan majinyaci ya iya zama a gidansa, ya riƙa zuwa ɗakin shan magani. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna biyu ko uku, kuturta ta ja da baya sosai.

An ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996, a shekarar kuma aka kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a birnin, wadda ta zama asibitin koyarwa a 2014. Mai son ƙwarewa a fata yakan bi ta sashen cututtukan ciki tukuna, ya ci jarrabawar kwalejin ƙwararru ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma.

Abin mamaki, fannin da ya tsiro a bayan gari, inda kowa ke gudu, shi ne yau likitoci ke rububi. A Amurka yana cikin mafi wahalar samun gurbi. Dalilan a fili suke. Cutar tana gaban ido: a kankare ɓawon makero daga kan yaro, a ɗiga masa ruwan gwaji, a duba a madubin likita, an gano ta. Ba a cika tayar da likitan fata da tsakar dare ba, kuma majinyaci na ganin sauƙi da idonsa.

Aikin kansa ya canza kama. Ƙazuwa na nan a makarantun kwana da tsangayu, zabiya na fama da sankarar fata saboda rana, ga kuma ɓarnar man bilicin, wanda kan sirantar da fata ya bar tabo baƙi. Ƙwararrun dai ba su da yawa a Arewa, akasarinsu a manyan birane, don haka mai ƙuraje a ƙauyen Dukku ko Nafada yakan fara da kantin magani.