Daga Dajin Maharba Zuwa Wurin Shaƙatawar Iyali: Tarihin Yankari

Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, daji ba wurin shaƙatawa ba ne. Fage ne na maharba da masu saran itace da fatake masu ratsawa, kuma mazauni ne na iskoki da miyagun namun dawa. Magidanci ba ya kwasar mata da yara ya nufi dawa don kallo kawai. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda wannan ra'ayi ya sauya a ƙarni na 20, ta hanyar bin tarihin Gandun Dajin Yankari da ke ƙasar Bauchi.

Kafin Keɓewa

Ko da yake babu ƙauye a cikin Yankari lokacin da aka keɓe shi, alamu sun tabbatar da cewa mutane sun taɓa zama a cikinsa. Akwai kufan wuraren narka tama, da rijiyoyin Dukkey waɗanda aka haƙa don tara ruwa, da kuma kogwanni 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda ake kira da sunan Marshall, Baturen da ya bayyana su a 1980. Bayan da mazauna suka watse, sai wurin ya zama na maharba daga garuruwan kewaye.

Zuwan Hukuma

A 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe dajin don kare namun dawa, aka hana harbi a cikinsa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Abin lura a nan shi ne kalmar da Hausa ta ba irin wannan wuri. Asalin "gandu" gona ce babba wadda iyali ke nomawa tare a ƙarƙashin maigida, ko kuwa gonar sarki. Da aka ce "gandun daji", ma'ana dajin ya sami mai shi, wato hukuma, kuma shigarsa sai da izini.

An buɗe wa jama'a Yankari a watan Disamba 1962. Daga nan ma'aikata da 'yan makaranta da iyalai suka fara zuwa, musamman da rani, lokacin da giwaye da ɓauna da gwanki ke taruwa a bakin Kogin Gaji. Sai dai abin da ya fi jan hankalin yara shi ne marmaron Wikki, wanda ɗuminsa ke tsaye wajen digiri 31 rani da damina. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓi gandun, sa'an nan a 2006 aka mayar da shi hannun Jihar Bauchi.

Kammalawa

Wannan sauyi bai zo kyauta ba. Dokar da ta buɗe wa baƙo ƙofa ita ce ta rufe ta ga maharbi da makiyayi, ta mai da sana'ar gado laifi, alhali giwayen da baƙo ya zo kallo su ne ke ɓarna a gonakin maƙwabta. Garken Yankari yana cikin manyan garkunan giwaye ƙalilan da suka rage a Nijeriya. Ɗorewarsa kuwa ta rataya ne a kan mutanen kewaye su ga cewa suna da rabo a cikin gandun, kamar yadda kowane ɗan gida yake da rabo a gandun ubansa.