Kifin kogin Isa a ƙaramar kasuwar Yamai: teburin ƴan kifi a matsayin shaidar tarihi

1. Gabatarwa

Kogin Isa yana ratsa ƙasar Nijar na tsawon kusan kilomita 550. Wannan ƴar maƙala za ta duba yadda aka bi sawun kifinsa daga lokaci zuwa lokaci, da abin da ƙaramar kasuwar Yamai, wato Petit Marché, za ta iya faɗa wa mai binciken tarihi.

2. Kalandar kogi

A Yamai kogi yana cika sau biyu. Jan ruwa yana zuwa a Agusta da Satumba daga rassan Goruwal, Dargol da Sirba. Baƙin ruwa, wanda ya taso daga tsaunukan Gine, yana isowa a Disamba da Janairu. A Mayu da Yuni ruwa ya ja baya ƙwarai. Kifi irin su yauni da bargi suna yin sheƙa cikin ciyawar fadamun da ruwa ya malale. In cikar ta gaza, haihuwar shekarar ta lalace. Sarkawa sun san wannan kalanda tun kafin zuwan masana. Shi ya sa ƙidayar da aka yi a lokaci guda kawai ba ta nuna gaskiyar kogi.

3. Masu bincike da fari

Jacques Daget ya wallafa littafinsa kan kifayen saman kogin a shekara ta 1954, bayan aikin da ya yi a Jafarabe, cikin Mali ta yau. A ɓangaren Nijar kuwa, babban binciken kamun kifi na 1983 zuwa 1985 ya faɗa daidai da fari, har a Yuni na 1985 kogi ya daina gudu a Yamai. Ke nan, alƙaluman da ake kafa hujja da su na shekarun wahala ne. Binciken fadamun Mali ya nuna cewa fari ya rage yauni, bargi da faliya, yayin da karfasa da tarwaɗa suka jure. Dokar kamun kifi ta Nijar ta fito a Disamba na 1998.

4. Shaidar kasuwa da iyakarta

Teburin mai kifi yana nuna iri, girma, farashi da lokaci. Giwan ruwa da ake saya don manyan otal, in ya fara zuwa ƙanana, alama ce ta ƙananan idanun raga. Sai dai kasuwa tana haɗa kifin kogi da na tafkuna da wanda aka kawo daga nesa cikin ƙanƙara. Wanda bai tambayi inda aka kamo kifi ba, zai ga yalwa alhali kogi yana talaucewa.

Gobarar 2012 ta cinye Petit Marché, ƴan kasuwa suka watsu. Abin da ya rage yana cikin kan tsofaffin dillalai da masunta.

5. Kammalawa

Madatsar Kandaji, wadda aka aza tubalinta a 2008, za ta sauya kalandar cikar kogi. A namu gani, ya kamata ɗalibai su ɗauki bakin waɗannan dattawa tun suna raye, su kuma riƙa ƙidaya a mashigan jirage a jan ruwa, baƙin ruwa da rani, da sunayen kifi cikin Hausa da Zabarmanci. In ba haka ba, gobe ba za a sami abin da za a gwada asarar da shi ba.