Daga Bakolori zuwa Bagudo: Abin da ya faru da manoman da suka ce a biya su kafin a shiga gona

Wani mai karatu daga yankin Illo a ƙaramar hukumar Bagudo ya aiko mini da tambaya. Ya ce tun da shinkafa ta yi daraja, ba a rabuwa da jin maganar masu zuba jari da ke neman fadama mai faɗi a Jihar Kebbi. Shin idan gwamnati ta ce tana son gonar mutum don ta bai wa kamfani, manomi yana da bakin magana? Kuma an taɓa yin manoman da suka ce ba su yarda ba?

An taɓa yi, ɗan'uwa, kuma ba a nesa da ku ba. Gulbin da ya ratso Argungu da Birnin Kebbi ya zo ya faɗa Kwara gabas da Illo, shi ne aka datse a can sama, a Bakolori, tsakanin Talata Mafara da Maradun. Lokacin da abin ya faru babu Kebbi, babu Zamfara. Da ku da mutanen Mafara duk jiha ɗaya kuke, Sakkwato, gwamna ɗaya yake mulkinku, kuma gwamnan ɗan Kangiwa ne, daga ƙasar da yau take cikin Kebbi. Saboda haka labarin Bakolori labarin gida ne.

Maganar datse Gulbin Sakkwato ta samo asali ne daga binciken da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi, wanda ta miƙa rahotonsa a 1969. Masu binciken sun ba da shawarar a tafi sannu, a fara da ƙaramin aiki. Sai kuɗin man fetur suka shigo, gwamnatin soja ta ga sannu ba ta ishe ta ba. Aka ɗora aikin a wuyan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, aka bai wa Impresit, wani reshe na kamfanin Fiat na Italiya, kwangilar gini. Daga 1974 zuwa 1978 aka tayar da bango mai tsawon kilomita 5 da rabi, ruwa ya kwanta a bayansa ya mamaye kusan hekta 8,000. A ƙasan madatsar kuma aka shata sama da hekta 20,000 da za a baje, a yanka magudanai, a yi noman rani na zamani. Babban abin da ake hange shi ne alkama, domin a lokacin burodi ya shiga bakin 'yan birni, masana'antun fulawa kuwa da alkamar Amurka suke aiki.

A takarda abin ya yi kyau, amma ƙasar da aka shata akwai mutane a kanta, da gidajensu da gonakinsu na gado. Kimanin mutum 13,000 ruwa ya tasa daga garuruwansu, aka kai da yawansu Sabon Maradun, aka nuna musu tudu mai tsakuwa aka ce ga madadin fadama. Wanda ya saba da shinkafa da albasa da rogo da kamun kifi ya wayi gari a inda ko gero da ƙyar yake yi. Su kuma dubban manoman da gonakinsu suka faɗa cikin filin noman rani, an ce su ɗaga ƙafa har a gama gyara, sannan a mayar musu. Katafila ta shiga, ta share iyakokin da aka gada kaka da kakanni, ta tumɓuke ɗorawa da kuka da kaɗanya da tsamiya. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, mutane na kallon gonakinsu ba damar shuka. Diyyar amfanin gona da ta itatuwa ta zama abin jeka-ka-dawo. Wani an rubuta sunansa ba a biya shi ba, wani an biya shi abin da bai kai ya kawo ba, wani kuma da aka zo rabon fili ya tarar gonarsa ta ragu ko ta koma hannun mai ido da kwalli.

A daidai wannan lokaci ne, cikin watan Maris na 1978, gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar mallakar ƙasa, wadda har yau take aiki. Dokar ta ce ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, kuma yana iya karɓe ta idan bukatar jama'a ta taso. Abin da za a biya mutum shi ne abin da ya ɗora a kan ƙasar, wato shuka da itace da gini. Ita ƙasar kanta ba ta da kuɗi. A wurin Bahaushe kuwa gona ita ce gadon da ake raba wa 'ya'ya, ita ake jinginarwa ranar da ciwo ya zo, da abin da ta bayar ake aurar da ɗiya. A tsakanin waɗannan fahimtoci biyu rikicin Bakolori ya tsiro.

Da mulkin farar hula ya dawo a watan Oktoba na 1979, manoman suka ɗauka kukansu ya zo ƙarshe. Shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Shagari, ɗan jiharsu ne. Gwamna kuma Alhaji Shehu Muhammadu Kangiwa ne, mutum mai fara'a da son jama'a, wanda har laƙabin gwamna mai murmushi aka yi masa. A watan Nuwamba na shekarar ya fuskanci masu zanga-zangar, ya yi musu alkawarin za a duba kukansu, a biya kowa haƙƙinsa. Na yarda cewa da gaske yake lokacin da ya faɗa. Sai dai aikin na gwamnatin tarayya ne, kuɗin yana Legas, kamfanin kuma yana lissafin kowace ranar da injinansa suka kwana ba aiki. Gwamna ya yi alkawarin da cika shi ba a hannunsa kaɗai yake ba, kuma da lokacin zaɓi ya zo tsakanin manoma da aikin, gwamnatinsa ta tsaya a gefen aikin.

Watanni suka shuɗe ba a ga kuɗi ba. Tura ta kai bango. Manoma suka datse hanyoyin shiga wurin aiki, suka kafa shingaye, suka hana ma'aikata da motoci wucewa, aiki ya tsaya cik. Bukatarsu ba ta da wuyar fahimta: a biya su, a mayar musu da gonaki, a bar su su shuka abin da suka ga zai ciyar da iyalinsu. Ba su fasa madatsar ba, ba su ce a kwashe ta ba.

A ƙarshen watan Afrilu na 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma masu yawa. Suka buɗe wuta a kan shingayen, suka bi mutane cikin ƙauyuka, aka ƙone gidaje da rumbuna. Sunan Birnin Tudu ya fi fitowa a cikin garuruwan da abin ya shafa. Aka kama mutane da yawa, wasu suka gudu daji, wasu suka bar ƙasar ba su sake dawowa ba.

A nan ne riwaya ta rabu biyu, kuma har yau ba ta haɗu ba. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu 20 ne da 'yan kai, ta ce manoman ne suka fara far wa 'yan sanda da makamai, ta kuma ɗora laifin zuga su a kan 'yan adawa. Mutanen yankin da 'yan adawa da malaman jami'a da suka bi diddigin lamarin suka ce mamatan sun haura 380. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya saka batun a cikin littafin da ya tace a 1982 kan danniyar siyasa a Najeriya, shi kuma Bjorn Beckman, wanda ya koyar a Zariya, ya yi dogon nazari a kansa.

Ni dai riwayar mutanen gari ta fi kwanta mini, kuma ina da dalili. Wanda ya yi harbin shi ne ya yi ƙidayar gawa, shi ne kuma ya tsare hanyar shiga wurin. A ƙauyen Musulmi ba a kai mamaci asibiti don a rubuta shi, ana yi masa sutura ne a rufe shi kafin rana ta faɗi, balle a ranar da kowa ke tsoron a gan shi kusa da gawa a ce da shi aka yi. Wanda ya ƙirga abin da ya isa ɗakin ajiye gawa kaɗai, ya ƙirga kaɗan daga ciki. Maganar zuga kuwa, ko da 'yan siyasa sun sa baki, mutumin da ya yi damina biyu ko uku bai shuka gonarsa ba, yunwar gidansa ta ishe shi zuga. Ba zan rantse a kan adadi ɗaya ba, amma duk wanda ya ce mini ashirin da 'yan kai ne, sai ya faɗa mini dalilin da ya sa ba a bar masu bincike masu zaman kansu sun shiga sun ƙirga a lokacin ba.

Akwai kuma waɗanda ba a harbe su ba amma aka kashe musu sana'a, kuma wannan ɓangaren ya fi shafar mai tambayata. Manoman da ke can ƙasan gulbi, gaba da filin noman rani, sun dogara ne da ambaliyar da gulbi ke yi duk shekara, wadda ke jiƙa fadama ta bar mata taki. Da aka tare ruwan, ambaliyar ta ragu. Binciken da masanin ƙasa William Adams ya yi ya nuna cewa a cikin fadama mai hekta 19,000, an rasa noman shinkafa a kusan hekta 7,000, da noman rani a kusan hekta 5,000. Masu shinkafa suka koma gero da dawa, masunta suka rataye taru. Waɗannan ba a ma rubuta sunansu a takardar diyya ba, domin a idon hukuma ba a taɓa gonarsu ba.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Bayan kisan an ci gaba da aiki, an kuma biya wasu kuɗaɗe. Gwamna Kangiwa ya rasu a watan Nuwamba na 1981 sakamakon faɗuwa daga doki a wasan folo a Kaduna, Allah Ya jiƙansa, Dakta Garba Nadama ya gaje shi. Alkamar da aka yi hange ba ta samu yadda aka so ba. Na'urorin yayyafa ruwa da aka kafa a filin noman rani suka lalace, har ya zama a farkon shekarun 2000 hekta 7,500 kacal ake nomawa, akasari shinkafa, wato abin da manoman suka iya tun asali. Sai da aka sake nemo rancen Bankin Duniya aka shiga gyara. Kebbi ta samu jiha a 1991, Zamfara a 1996, dokar 1978 kuwa tana nan daram. Ko a shekarun baya-bayan nan manoman Gagarawa da maƙwabtansu a Jigawa sun yi ta kai ruwa rana kan hekta 12,000 da aka ware wa kamfanin rake.

To, ga amsata ga mutanen Illo da Lolo da Kaoje da Zagga. Doka ta bai wa gwamna iko, amma ta ɗaure ikon da sharaɗin bukatar jama'a da sanarwa da diyya, kuma ƙofar kotu a buɗe take ga wanda aka tsallake waɗannan a kansa. Masana'anta abin so ce. Wanda ya ga yadda buhun shinkafa ke tsallako iyakar Benin ya san muna bukatar injinan casa da na sarrafa albasa a gida. Amma kamfani yana iya sayen amfanin gona a hannun manomi ba tare da ya raba shi da gonar ba. Idan kuma lallai sai an ba da fili, a zauna tun kafin katafila ta iso, da uban ƙasa da hakimi da masu gonar kansu, har da mata masu gayauna da makiyaya masu burtali da masunta. A auna kowace gona a gaban mai ita, a rubuta shekarun aro, a biya kafin a shiga, kowa ya riƙe takardarsa. Ƙungiyar manoma ta yi magana da baki ɗaya, kada a bi mutane ɗai-ɗai cikin dare.

Mutanen Bakolori ba su nemi abin da ya wuce wannan ba. Sun nema ne bayan an riga an share iyakokin gonakinsu, lokacin da ba su da sauran abin riƙewa sai hanya da za su tare da jikinsu. Ku naku iyakokin suna nan, ɗorawarku tana tsaye, yanzu ne lokacin magana. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Birnin Tudu da kewayenta, Ya sa kada a sake ganin irin wannan rana a ƙasar nan.