Sarki Istifanus na Moldabiya: Yaƙi da Sulhu

A shekarar 1457 ne Istifanus ya hau gadon sarautar Moldabiya, wata 'yar ƙasa wadda yammacinta yake cikin Romaniya a yau. Manyan dauloli uku suka sa ta tsakiya, watau Hangari da Folan da daular Turkawa, dukansu kuwa sai da ya gwabza da su.

Ya kori rundunar Hangari a Baya cikin 1467. A 1475 ya jawo Turkawa cikin fadama ranar hazo, kusa da Baslui, ya yi musu kaca-kaca. Da shekara ta kewayo Sultan Muhammadu na Biyu ya zo da kansa, ya rinjaye shi a fagen fama, amma ganuwar Suceba ta gagara, yunwa da annoba suka kora shi gida.

Al'amari ya juya a 1484, sa'ad da Sultan Bayazidu ya ƙwace Kiliya da Akkarman, ƙofofin cinikin ƙasar zuwa Bahar Aswad. Da Istifanus ya ga taimakon maƙwabta bai isa ba, sai ya koma biyan gandu a 1486. Wannan sulhu ne ya ba shi sararin murƙushe Folan a dajin Kosmin cikin 1497. Ya rasu a 1504, Moldabiya tana da sarkinta da dokokinta.