Jaridar Kwabo Ɗaya da Malamin Midil na Katsina

Wajen ƙarshen 1938 wata ji-ta-ji-ta ta karaɗe Arewa, wai Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila. Maganar tana da tushe, don a lokacin Jamus na ta neman a mayar mata da ƙasashen da aka ƙwace mata bayan yaƙin duniya na farko, ciki har da Kamaru da ke maƙwabtaka da mu. Turawan mulki suka duba, ba su da bakin da za su ƙaryata zancen ya kai kunnen talaka. Akwai dai Jaridar Nijeriya ta Arewa, wadda ake bugawa tun 1932 da Turanci da Hausa da Larabci, amma sai a yi watanni ba ta fito ba, kuma da wuya ta wuce hannun sarakuna da ma'aikatan En'e. A Ikko kuwa Nnamdi Azikiwe ya riga ya kafa West African Pilot tun 1937, kullum tana caccakar gwamnati. Cikin wannan hali aka fito da Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, a watan Janairu na 1939, aka yanka mata kuɗi kwabo ɗaya.

Zariya ce mahaifarta, amma editanta na farko Katsina ce ta rene shi. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya gama a 1932, aka ba shi koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina. Yana wannan aiki ne Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi a Zariya, ya sa gasar ƙaga labarai a 1933. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, ya shiga da Ganɗoki. East ya ga alƙalamin da yake nema. A 1936 aka nemi aron Imam daga Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ya je Zariya ya yi wata shida yana rubuta Magana Jari Ce, ya koma ajinsa. Da maganar jarida ta taso aka sake nemansa, wannan karon kuwa aro ya zama zama.

Kuɗin jaridar ya cancanci a tsaya a kansa. A lokacin kwabo goma sha biyu ke yin sule, shida sisi, uku taro. Kwabon nan mai huda a tsakiya shi ne kuɗin da ke yawo a hannun yaro da ɗan dako da mai tallan goro, ƙasa da shi sai ɗari da anini. Wato an sa farashin da ɗan makarantar elemantare zai iya kaiwa. Ga shi kuma kwafi ɗaya ba mutum ɗaya yake yi wa aiki ba. A lokacin masu karatun boko ƙalilan ne a birni, saboda haka in jarida ta iso Katsina, a mota tun da layin dogo bai shigo birni ba, sai ka ga magatakarda ko malamin makaranta ya zauna a zaure bayan la'asar, ya buɗe ta, dattawan unguwa sun kewaye shi. Ya karanta labarin yaƙi, a tsayar da shi a tambayi ina ne Barma, a yi gardama, ya ci gaba. In an gama a naɗe ta da kyau, gobe wani zaure ya aika a aro.

Da fari wata-wata take fitowa, sannan ta koma sau biyu a wata, daga baya ta zama ta mako-mako. Yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a watan Satumba na shekarar da aka kafa ta, ya ƙara mata kasuwa, don dubban 'yan Arewa sun tafi soja har Habasha da Barma, iyayensu da matansu suna ƙishin labari. A shekarun nan ne aka riƙa fitar da wata ƙaramar takarda mai suna Suda, ita ma don labarin yaƙi.

Babu ɓoye-ɓoye, gwamnati ce ta kafa jaridar don ta faɗi tata, kuma 'yan jam'iyyar NEPU sun sha kiranta kakakin Turawa da sarakuna. Zargin yana da gaskiyarsa. Amma a ganina babban abin da Imam ya yi shi ne buɗe shafin wasiƙu. Malamin ƙauye da akawu da ɗan kasuwa suka sami wurin kai kuka kan zaluncin masu karɓar haraji, da cin hanci, da ƙarancin makarantu, da yadda ma'aikatun Arewa suka cika da mutanen Kudu saboda mu ba mu yi karatun ba. Malam Sa'adu Zungur yana cikin waɗanda suka yi rubutu a ciki. Mutumin da bai isa ya ɗaga murya gaban hakimi ba, ga maganarsa an buga, ana karantawa a Sakkwato da Yola. Turawa sun gina bututun zuba magana daga sama, sai ruwa ya riƙa tasowa daga ƙasa.

Imam kansa ba ɗan amshin Shata ba ne ga kowa. A 1943 yana cikin editocin Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da Azikiwe. Ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya, don yana ganin Arewa ba ta shirya ba, amma da ya gana da tsohon Gwamna Lugga ya faɗa masa ɓarnar da ke cikin mulkin En'e ba tare da kwana-kwana ba. Labarin tafiyar shi ne littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ana iya saɓa masa kan matsayinsa na farko, amma tsayuwar tasa ce.

Sai Hausar kanta. A shafukan Gaskiya ne rubutun boko ya zauna da gindinsa: haruffa masu lanƙwasa, rabon kalmomi, da salon ba da labari mai sauƙi wanda ake karantawa a bayyane ba tare da harshe ya sarƙe ba. Imam mai kunne ne, yana rubutu kamar yana hira, kuma mutane da yawa daga gare shi suka koyi yadda ake rubuta wasiƙa da Hausa.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya da injunan buga nasa, East yana shugabanta. A 1948 kamfanin ya fito da Nigerian Citizen ta Turanci. Da aka shiga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, hukumar adabi ta Arewa, NORLA, ta riƙa buga wa larduna ƙananan jaridunsu: Sodangi a Kano, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya, mu kuma Katsina muka sami Himma, wadda 'yan ajin manya ke gwada sabon karatunsu da ita. Imam ya riƙe editanci fiye da shekara goma kafin ya koma wasu ayyukan gwamnati, ya rasu a 1981. A ranar 1 ga Janairu, 1966, New Nigerian ta gaji Nigerian Citizen a Kaduna, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashin wannan kamfani, ta ci gaba da fitowa shekaru da yawa bayan Turawan da suka kafa ta sun tafi.