Waken Kalaba da Maganin Hawan Jinin Ido

A tsohuwar Kalaba, idan aka zargi mutum da maita, sai a daka wani wake da Efik ke kira esere, a dama da ruwa a ba shi ya sha. In ya amayar, ya kuɓuta. In ya mutu, a ce alhakinsa ne ya ci shi. 'Yan mishan na Sikotilan suka aika da waken birnin Edinbara, inda a 1855 masanin guba Robert Christison ya tauna gutsure don ya ga ƙarfinsa. Sai da ya kwankwaɗi ruwan askinsa ya yi amai, sannan ya sha da ƙyar.

Daga baya Thomas Fraser ya lura cewa sinadarin waken yana tsuke ɗan ido. A 1876 Ludwig Laqueur, likitan ido a Strasbourg wanda shi ma hawan jinin ido ya kama, ya nuna cewa ɗiga shi yana sauke matsin ruwan cikin ido. Hawan jinin ido ya sami maganinsa na farko ke nan. Shekara na zagayowa aka fara amfani da pilocarpine, daga wani tsiron Barazil.

Samun magani daban, isar da shi cikin ido daban. Ido ba ya riƙe ɗigo guda cikakke: wani ya gangaro kumatu, wani hawaye ya wanke, wani ya bi magudanar da ke sauka hanci. Abin da ke ratsawa ciki yawanci bai kai 5 cikin 100 ba. Shi ya sa mai pilocarpine kan ɗiga har sau huɗu a yini, ga hazo-hazo, ga ciwon goshi. Mutane da yawa sukan gaji su ajiye kwalbar, alhali ganin da ciwon ya cinye ba ya dawowa.

A 1974 kamfanin Alza na Amurka ya fito da Ocusert, ɗan falle da ake sawa a ƙarƙashin fatar ido, yana tsatso magani mako guda. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma yakan zame ya faɗi, bai kuwa karɓu ba.

Timolol ya zo a 1978, sau biyu a rana. Sai dai abin da ya sauka hanci yana shiga jini, ya rage bugun zuciya, ya tayar wa mai asma ciwonsa. Dalilin ke nan da likita zai ce a rufe ido, a danne gefen da ke kusa da hanci na minti biyu. Latanoprost ya biyo a 1996, sau ɗaya da dare. A 2020 Amurka ta amince da Durysta, ƙwayar da ake dasawa cikin ido ta riƙa narkewa watanni.

Binciken makanta da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna hawan jinin ido ne na biyu wajen makantar da mutane, bayan yanar ido, kuma akasarin masu shi ba su ma san suna ɗauke da shi ba.