Asalin Tafiya Cin Gasasshen Nama Cikin Ƙaramin Jirgin Sama

Daga cikin al'adun mutanen Amurka waɗanda labarinsu bai cika isowa kunnenmu ba, akwai wata wadda masu tuƙa ƙananan jiragen sama suka riƙe tun kusan shekara tamanin da suka wuce, wato mutum ya wayi gari ranar Asabar, ya dubi sararin sama ya ga garau yake, ya kira amininsa, su jawo jirgi mai kujera biyu ko huɗu daga rumfarsa, su yi tafiyar sa'a guda ko biyu zuwa wani ƙaramin gari, ba don fatauci ko wata lalura ba, sai don su ci gasasshen nama su komo gida kafin faɗuwar rana. Su da kansu suna kiran irin wannan fita "hambagar dala ɗari", domin in an lissafa kuɗin mai da na hayar jirgi, abincin da bai wuce 'yan daloli ba yakan tashi a kan dala ɗari. Wanda ya ji wannan da farko lalle zai ce israfi ne tsantsa. Ni kuwa, bayan na yi nazarin yadda abin ya faro, ina ganin hukuncin nan yana da gaggawa, gama al'adar tana da sababi, kuma tana da fa'ida wadda ta fi cikar ciki nesa ba kusa ba.

Ko da yake 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, sun tashi da jirginsu tun ran 17 ga Disamba, 1903, jirgin sama bai zama abin da mutum mai matsakaicin hali zai sa rai da shi ba sai bayan da Charles Lindbergh ya ƙetare Tekun Atlantika shi kaɗai a 1927, sha'awar tuƙi ta kama samari, sa'an nan aka shiga ƙera jirage marasa nauyi, masu sauƙin kuɗi, irin Piper Cub, wanda jikinsa bututun ƙarfe ne da aka lulluɓe da ƙyalle, yana kuma iya sauka a kan ciyawa. A wannan zamani ne, cikin 1938, wani mai sana'ar kayan ado a garin Orangeburg na jihar Karolina ta Kudu, Thomas Summers, ya fara tara matuƙa su haɗu ranar Lahadi, mako biyu-biyu, a wani filin jirgi na jihar, su karya kumallo tare. Ƙungiyar ba ta karɓar kuɗin shiga, ba ta da sharaɗi sai zuwa, kuma in ban da 'yan shekarun yaƙi, ta ci gaba da haɗuwa har zamaninmu. A 1944 kuma manoman Oklahoma masu jirage suka kafa tasu ƙungiyar, su da suke duba shanu da shingen gona daga sama.

Amma abin da ya mai da wannan sha'awa ta 'yan tsiraru ta zama al'adar ƙasa baki ɗaya shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. Tun kafin Amurka ta shiga yaƙin, gwamnatin Shugaba Roosevelt, da ta hango abin da ke tafe, ta buɗe shirin koya wa farar hula tuƙi, galibi ɗaliban jami'o'i da kwalejoji, kuma daga 1939 zuwa 1944 an horar da mutum fiye da 400,000 a ƙarƙashinsa, akasarinsu cikin Cub. Aka kuma gina filayen horo ɗaruruwa, musamman a jihohin kudu irin su Teksas da Fulorida, inda rana ta yawaita. Da aka ƙare yaƙi sai masu masana'antu suka yi zaton cewa duk sojan da ya komo zai so jirgi a ƙofar gidansa kamar yadda yake son mota, suka duƙufa, har a shekarar 1946 kaɗai suka ƙera ƙananan jirage fiye da 30,000. Zaton bai tabbata ba. Su sojojin, aure suke so, da gida, da aikin yi. Kafin shekara biyu abin da ake ƙerawa bai kai rubu'in wancan adadi ba, kamfanoni da dama suka rushe. Sai dai kuma, ko da burin ya faɗi, ya bar gado iri uku waɗanda ba su gushe ba: ɗimbin mutane masu lasin tuƙi, da jirage na hannu masu araha, da filayen da soja suka bar wa ƙananan garuruwa, waɗanda aka ƙara wa yawa bayan dokar gina filayen jirage ta 1946. Har yau ƙasar tana da filaye wajen 5,000 waɗanda kowa ke da iznin sauka, alhali manyan jiragen fasinja ba sa zuwa sai kimanin ushirinsu.

To, a nan mas'alar take. Mutumin da ya koyi tuƙi, ya zama akawu ko malamin makaranta ko mai sayar da kayan gini, ba shi da wata tafiya ta dole da zai yi da jirgi, amma kuwa tilas ne ya riƙa tashi, domin tuƙin jirgi kamar haddar almajiri yake, in aka bar tilawa sai ta zube, musamman wajen sauka cikin iska mai bugowa daga gefe. Hukumar jiragen sama ta ƙasar ta ma mai da wannan doka: matuƙi ba zai ɗauki wani mutum a jirginsa ba sai in ya tashi ya sauka sau uku cikin kwana 90 da suka gabata. Mutum yana iya cika sharaɗin ta hanyar kewaya filin garinsu, ya sauka ya tashi ya sake sauka, amma wannan ba ya koya masa karatun taswira, ko lissafin mai, ko auna yanayi a kan hanya, ko ladabin shiga filin da bai sani ba, kuma rai yana ƙosawa da shi. Saboda haka suka nemi maƙasudi, suka same shi a wurin abinci.

Matsayin aboki a cikin wannan tafiya ma yana da nasa hukunci, wanda ya burge ni ƙwarai. Mai lasin tuƙi na kansa, wanda ba na sana'a ba, an hana shi karɓar ijara. Iyakar abin da aka halatta shi ne a raba kuɗin mai da na haya da na sauka, bisa sharaɗin kada shi matuƙin ya biya ƙasa da rabonsa, kuma ya kasance shi ma yana da tasa bukatar zuwa wurin, ba kai mutum kawai zai yi ba. Ashe ke nan dokar da kanta ta rufe ƙofar ciniki ta bar ta zumunci a buɗe. Mutum biyu masu marmarin nama ɗaya sun cika sharaɗin daidai, kuma da yawa daga cikin matuƙan ƙasar a kujerar dama ta irin wannan fita suka fara taɓa sitiyarin jirgi.

Game da naman kuwa, tarihinsa ya girmi na jirgin. A jihohin kudu maso gabas, inda bayi 'yan asalin Afirka ne galibi suke tsaron ramin gashi dare farai saboda bukukuwan iyayengijinsu, har gwanintar ta zama gadon jikokinsu, naman alade ne ya rinjaya, wannan kuwa ba abincinmu ba ne. A tsakiyar Teksas kuwa naman sa ne. Can ne Jamusawa da mutanen ƙasar Cek suka zauna a ƙarni na 19, suka buɗe shagunan fawa, kuma da yake babu na'urar sanyi a lokacin, naman da bai ƙare ba sai mahauci ya sa masa gishiri da barkono ya gasa shi a hankali da hayaƙin itacen oak. Masu tsinkar auduga, baƙaƙen fata da mutanen Meksiko, waɗanda gidajen cin abinci na wancan zamani ba sa bari su zauna, sukan saya a ƙofar baya, a naɗe musu cikin takarda, su ci da hannu. Har yanzu haka ake sayar da shi, bisa awo, a kan takarda, tare da burodi da albasa. A garin Lockhart, kimanin kilomita 50 kudu da Austin, shagon Kreuz yana nan tun 1900, na Black kuma tun 1932, majalisar jihar ma ta yi wa garin laƙabin babban birnin gashi a 1999.

Wannan nama ya dace da jirgi ta wata fuska da ba kowa ke lura da ita ba. Ƙirjin sa nama ne mai tauri, ba ya laushi sai ya yi sa'a goma sha biyu ko fiye a cikin hayaƙi mai sanyin wuta, don haka da dare ake ɗora shi, a fara yanka da hantsi, kuma a wurare da yawa in ya ƙare an tashi ke nan sai gobe. Mai so dole ya je inda ake yinsa, ya kuma je da wuri. Ƙaramin jirgi shi ma safiya yake so, kafin ƙasa ta ɗau zafi iska ta fara jijjiga shi, kafin kuma hadarin la'asar ya haɗu. Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956 kuma aka ƙera fiye da 44,000 nasa, yana cin kilomita 200 da ɗoriya a sa'a, sai ya zamana tafiyar da za ta cinye wa mai mota yini ta koma ta hantsi ɗaya. Garin Llano, a ƙasar tuddai ta yammacin Austin, inda ake gashi a kan garwashin itacen meskit kuma mai saye yake tsayawa bakin murhu ya nuna tsokar da yake so, ya yi suna a wurin matuƙa ta wannan hanya.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta tsiro tare da al'adar, wadda a ganina ita ce mafi kyawun abin da ke cikinta. Da yake filin jirgi yakan kasance bayan gari, filaye da yawa suna ajiye wata tsohuwar mota, wani lokaci ma tsohuwar motar 'yan sanda ce da garin ya daina amfani da ita, a ba baƙon matuƙi makulli ba tare da ko kwabo ba, ya rubuta sunansa da lambar jirginsa a littafi, ya shiga gari ya ci abinci, ya zuba mata ɗan mai ya mayar. Amana ce tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, kuma ta daɗe tana tafiya saboda waɗanda aka ba amanar sun kiyaye ta. Garin kuma bai yi hasara ba, gama baƙon zai sayi man jirgi, sauka da tashin da ake ƙirgawa kuwa su ne hujjar da magajin gari zai kai gaban gwamnati in yana neman kuɗin gyaran filin, wanda shi ne dai filin da jirgin ɗaukar majiyyaci zai sauka ranar da bukata ta taso.

Al'adar ta sha wuya daga baya. A 1978 an ƙera ƙananan jirage kusan 18,000, amma tsadar mai da yawan ƙararrakin neman diyya suka durƙusar da sana'ar, har kamfanin Cessna ya daina ƙera masu injin fistan a 1986, kuma a 1994 abin da aka ƙera duka bai kai 1,000 ba. A shekarar ce majalisar ƙasar ta yi dokar da ta taƙaita alhakin maƙeri ga shekara 18, sa'an nan kamfanin Cessna ya komo ƙera su. Filaye ma sun ragu, mafi shahara shi ne Meigs na bakin tafki a birnin Chicago, wanda magajin gari Richard Daley ya sa aka farfasa titinsa cikin dare a watan Maris na 2003. Yau dala ɗari da ƙyar take biyan hayar rabin sa'a ko ɗan abin da ya ɗara, shi ya sa masu wannan fita suka koma haɗa kuɗi, mutum huɗu ko goma su sayi tsohon jirgi ɗaya, wanda sau da yawa ya girmi wasu daga cikin masu shi, su raba ranakun Asabar a tsakaninsu.